Alkawarin Maraƙar Hansai

Ku gyara zama, ku aje hira. Labari ne na saniya ɗaya da mutum uku, in kuma aka kai ƙarshensa ba mai tashi sai ya faɗi gefen da ya tsaya.

A Tungar Ɓaure, can bakin kogi, an yi wata dattijuwa ana ce da ita Hansai. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu mata suna aure nesa, ita kuwa ta ƙi bin kowacce, ta ce tuwon suruki ba ya wuce mata maƙogwaro. Sana'arta matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Shekara tara tana ƙulle 'yar ribarta a bakin zane har ta sayi karsana, mutanen gari kuwa, don tsiya, suka laƙaba wa dabbar suna Ƙuli. Hansai ba ta kula su ba. Ita dai ta san ba ta da gona, ba ta da ɗa namiji. Saniyar nan ita ce gonarta, ita ce kuma take so a sayar a yi mata sutura ranar da ta kwanta dama, kada a kai ta kabari da likkafanin roƙo.

Hansai ba ta yarda da ɗan Adam ba. In ka gaishe ta da fara'a mai yawa, sai ta dubi abin da ke hannunta ta ga ko yana nan. Saboda haka, kowa na ɗaure dabbarsa da igiya, ita da sarƙa take ɗaure Ƙuli a turke, ta sa kwaɗo, ta soke ɗan makullin a gashin kanta.

Shekarar da ruwa ya ci garin, Ƙuli na ɗauke da cikin fari, wata biyar. Ruwan bai jira hadari ba. Da hantsi, rana na haskawa, kogi ya fasa jinga ya shigo kamar an kore shi. Hansai na gidan niƙa a lokacin, aka fizge ta aka ɗora kan rufin masallaci, don shi kaɗai ne ginin siminti a garin. Daga can sama take hango tsakar gidanta. Dabbobin mutane sun tsinke igiyoyinsu suna iyo, tata kuwa na tsaye inda ta kulle ta da hannunta, ruwa ya kai mata wuya, ta ɗaga hanci sama. Hansai ta laluba kanta, ɗankwali ya tafi, makulli ya tafi.

Nan ta buɗe murya, mutum hamsin na ji, har da liman: "Ku shaida, jama'a! Na rantse da Allah, wanda ya raba saniyar nan da mutuwa, abin da ke cikinta nasa ne, ni zan miƙa masa igiya da hannuna!"

Na farko shi ne Jatau mai fito, wanda ke haye da mutane kogi a kwale-kwalensa. Ana gama rantsuwar ya karkata jirgi ya nufi gidan Hansai. Ya ga sarƙa, ya ga kwaɗo, ya zagi mai su. Sai ya faɗa ruwa, ya yi nutso yana tonon gindin turken da hannu. Sau shida yana nutsewa yana tasowa, a na shidan turken ya tumɓuke, sarƙar ta naɗe masa babban yatsa ta tafi da rabinsa. Bai saki ba. Ya ɗaure ƙahon saniyar a gindin jirgi, ya riƙa tuƙi da hannu mai jini, ita kuwa tana ta fizga don tsoro har ta fasa masa gefen kwale-kwalen da ƙaho. Yana tuƙi yana kwarfe ruwa, bai isa Tudun Kuka, garin da ruwa bai ci ba, sai bayan la'asar. Ba don shi ba, da Ƙuli ba ta ga azahar ɗin ranar ba, wannan ko maƙiyinsa ya yarda.

Amma Hansai na kan rufi, kuma idonta ƙalau yake. Sau biyu Jatau ya wuce ta bakin zaurenta kafin ta rantse, yana ganin saniyar. Karon farko mata da yara ya ɗauko, wannan ba ta da ta cewa. Karo na biyu buhunan shinkafar wani attajiri ne a jirgin, ya dubi Ƙuli, ya kau da kai. Sai da ya ji an ambaci maraƙi sannan tausayi ya sauko masa. Tun daga ranar kuwa, duk Juma'a sai ya zo inda aka aje dabbobi, ya tsuguna ya ƙare wa cikin saniyar kallo, sannan ya tuna ya ce, "Gwaggo, ina wuni." Ita kuwa ta ce, "Ai ka riga ka gaida wadda ka zo dominta."

A Tudun Kuka aka tara duk abin da aka tsamo, shanu da tumaki da awaki da jakuna, sun kai saba'in. Masu su na kwance a azuzuwan makaranta, kowa da kayan jikinsa kawai. Agaji ya zo wa mutane, shinkafa da tabarmi da gidan sauro, amma ba wanda ya tuna cewa akuya ma tana da ciki. Ciyawa na ƙarƙashin ruwa, harawa ta ruɓe a rumbuna. Kwana goma, dabbobi suka fara cin bawon itace da tsumma. Ga ciwon hanta ya shigo musu, irin wanda dabba ke ɗauka a ruwan fadama.

A nan ta biyu ta shigo, Lantana dillaliya, wadda ke zaga gidaje da kasuwanni tana sayar wa mata kayansu. Ita ta ce a nemi taimako. Ta ɗauki faranti ta zaga kasuwar Tudun Kuka tun safe har yamma, abin da ta samo bai sayi buhun dusa ɗaya ba. Kowa ta miƙa wa sai ya ce, mutum bai ƙoshi ba za a ciyar da jaki? Tana dawowa sai ta lura da wani abu: duk mai wucewa ta bakin shingen da aka tara dabbobin, a wurin Ƙuli yake tsayawa. Ruwan da ta sha ya bar ta da tari, haƙarƙarinta sun fito ana ƙirgawa, ga ciki ya zazzago ƙasa. Mutane su duba, su yi salati. Lantana ta dubi fuskokinsu yadda take duban fuskar mai ciniki.

Ta kai kwallayen aurenta jingina, ta ɗauki hayar motar a-kori-kura, ta ce wa Hansai za ta kai saniyar wurin likitan dabbobi. Ta kai ta kuwa, amma sai da ta fara biyawa da ita ta karar shanu ta babbar kasuwa. Ta sauke ta tsakiyar dillalai da fatake, mutanen da suka san darajar saniya mai ciki, ta tsaya a gefenta ba ta roƙi kowa ba, ta ce kawai, "Irinta saba'in na baro a Tudun Kuka." Ranar farantin bai isa ba, sai da ta shimfiɗa mayafi. Ta ɗauki hotonta a waya ta aika wa 'yan garin da ke ci-rani a Ikko da Fatakwal, su ma suka turo. Dusa ta zo, harawa ta zo daga ƙasar tudu, aka yi wa kowace dabba allurar hanta, har da Ƙuli, wadda likitan ya ce da an ƙara mako guda ba allurar, da sai dai a haƙa mata rami. Kasuwa bakwai Lantana ta kai ta cikin mako shida. Ba don wannan kuɗi ba, da ba dabba ɗaya da za ta koma Tungar Ɓaure da ƙafarta.

Sai dai Hansai na kallo. Awaki sun murmure, jakuna sun fara harbi, shanun mutane gashinsu ya kwanta. Saniya ɗaya ce ba ta ƙara ko tsoka ba, ita ce tata. Wata safiya ta riga masu rabon abinci zuwa, ta ɓuya bayan tarin harawa. Ta ga ana zuba wa kowace saniya kwano biyu na dusa, aka zo kan Ƙuli aka zuba ɗaya, shi ma ba a cika ba. Ta je ta tarar da Lantana na ɗaura ɗankwali.

"Lantana, dusar da ake saya da haƙarƙarin saniyata, me ya hana ta shiga cikin saniyata?"

Lantana ba ta ko sunkuyar da kai ba. "Gwaggo, ke ma 'yar kasuwa ce. Ranar da ta yi ƙiba, wa zai ba mu ko sisi? Kasuwa biyu ta rage ruwa ya janye. Ki yi haƙuri."

"Da ciki a jikinta?"

"Akwai masu ciki goma sha uku a shingen nan, duk a bayanta suke ci. Kuma ba kashe ta zan yi ba, na san iya inda zan tsaya."

"Kin san iya inda za ki tsaya a cikin dabbar wani. Sabuwar wayar da ke hannunki fa, ita ma dusa ce?"

"Da tsohuwar za a ɗauki hoton da zai sa mutumin Ikko kuka? Ki tambayi kwallayena inda suke kwana."

Hansai ta kwance saniyarta ta ce ba ta ƙara hawa mota. Amma ta makara. Bayan kwana biyu Ƙuli ta durƙusa, aka yi, aka yi, ta kasa tashi.

Na uku shi ne Nomau, mahaucin Tudun Kuka, sa'an marigayi mijin Hansai. Shingen da dabbobin ke ciki nasa ne, ya kwashe ragunansa ya kai gidan ƙanensa, ya bar wa mutanen Tungar Ɓaure wurin, bai karɓi ko kwabo ba. Shi ke fere kofaton da ruwa ya ruɓar, ya wanke da gishiri da toka. Shi ke gane dabbar da ciwo ya kama tun kafin mai ita ya gane. Amma mahauci mahauci ne. Kullum da safe yana zagawa yana matsa gadon bayan dabbobi, in ya tsaya kan wata sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba za ta ga la'asar ba." Mai ita, don tsoron kada ta yi mushe, sai ya ce a yanka. Nomau ya saya a kuɗin dabba mai mutuwa, ya ware wani abu ya sa a sayen dusa. Sha ɗaya ya yanka haka. Mutanen Tudun Kuka kuwa sun ce tun da aka kafa garin ba su taɓa cin tsire mai yawa da araha kamar na wannan daminar ba.

Da Ƙuli ta faɗi, sai ga shi da wuƙa da tasa.

"Mai ƙuli, kada ki yi asara biyu. Wannan ba za ta ga la'asar ba."

Hansai ta matso. Ta aje sandarta, ta kwanta a kan wuyan saniyar, ta ce, "Fara da ni, Nomau. Namana ya fi tauri, amma ka saba sayar da irinsa."

Mutane suka taru. Nomau ya dube ta, ya dubi jama'a, ya daɗe a tsaye. Sai ya mai da wuƙa kube ya ce, "Wallahi tsohuwar nan kin fi ƙuli-ƙulinki ƙarfi." Ya kafa itatuwa huɗu, ya ɗinka buhuna ya ratsa ta ƙarƙashin ƙirjinta da cinyoyinta, aka ɗaga ta ta rataya, ƙafafunta na taɓa ƙasa, don saniya in ta daɗe kwance ba ta tashi. Ya riƙa dama kunun dusa da kanwa yana ɗura mata da kwalba, yana murza mata ƙafafu safe da yamma. La'asar ta wuce, ta gobe ma ta wuce. Kowace rana da Ƙuli ta ƙara a duniya, masu dabbobi sha ɗayan nan sai muryarsu ta ƙara tashi: in wadda ya ce ba za ta ga la'asar ba ga ta tana tuƙa, to namu fa? Har ƙanensa ya ja shi gefe ya ce ya sassauta hannu, in ta mutu bakin mutane zai mutu. Nomau bai sassauta ba. Kwana goma sha takwas, Ƙuli ta tsaya da ƙafarta.

Ranar haihuwa kuma, bayan an koma gida, ɗan ya zo a karkace, saniyar ta yi naƙuda tun safe har rana ta take, ta fara sanƙarewa. Aka kira Nomau. Ya tuɓe riga, ya shafa man gyaɗa har kafaɗa, ya zura hannu. Mutumin da ya shekara talatin yana fede shanu ya san cikin saniya kamar ɗakinsa. Ya juya ɗan, ya jawo shi da rai. Maraƙa ce, ja, mai farin goshi.

Hansai ta yi masa godiya, amma a ranta tana auna abin. Ya mai da wuƙa ne don Allah, ko don idon jama'a, ko kuwa a tsayen nan da ya yi ne ya lissafa cewa maraƙa mai rai ta fi naman ramammiyar saniya? Abu ɗaya ta tabbatar: da ranar ta je ɗiban ruwa, da ta dawo ta tarar da fatar Ƙuli a shanye.

To, maraƙa ta yi wata bakwai, ta isa yaye, sai masu ita suka fito. Hansai ta yi ta neman hanyar zamewa. Ta je wurin liman ta ce za ta yi azumin kaffara, rantsuwa ta faɗi. Liman ya ce, "Ni ma ina kan rufin ranar, Hansai. Abin da ke tsakaninki da Ubangiji azumi na iya gyarawa, amma kin yi wa mutane alkawari sun yi aiki a kansa, wannan haƙƙin ɗan Adam ne." Ta ce to a sayar da maraƙar a raba uku. Nan ne duk ukun suka ƙi, kamar sun haɗa baki, alhali ko gaisawa ba sa yi.

Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Garin ya cika da magana. Yara na kiran Jatau mai jiran rantsuwa. Mata sun fara jan ƙafa wajen ba Lantana kayansu, suna cewa wadda ta iya hana saniya mai ciki abinci me za ta yi da zanen mutum. Nomau kuwa in ya ce rago ba shi da lafiya sai a yi dariya a ce, ko shi ma ba zai ga la'asar ba? Kowannensu ya san wanda Hansai ta miƙa wa igiya ya wanku, don duk garin an san ba ta yabon mutum a banza. Sauran biyun kuwa tabon zai bi su har jikoki. Kashi ɗaya cikin uku ba ya wanke kowa.

Ita ma Hansai ta san abin da ke jiranta. Jatau ke haye mata da gyaɗa daga ƙetaren kogi. Lantana ke sayar mata da mai. Nomau ke sayen ƙulinta yana daka yajin tsire. Duk wanda ta zaɓa, ta rufe wa kanta ƙofa biyu, kuma a shekarunta ba a koyon sabuwar sana'a.

Aka sa rana a ƙofar mai gari. Aka shimfiɗa tabarmi, gari ya taru, har da mutanen Tudun Kuka da suka zo kallo. Mai gari ya ce kowa ya faɗi tasa a taƙaice.

Jatau ya ɗaga guntun yatsansa sama. "Ranka ya daɗe, ni ban iya dogon zance ba. Na ji alkawari na je, ban ɓoye ba. Amma mutum hamsin suka ji shi, mutum nawa suka shiga ruwan? Waɗannan biyun, gawa za su yi wa magani da ban je ba."

Lantana ta gyara mayafi. "Ya tsamo ta daga ruwa ya aje ta a bakin yunwa. Na rage mata kwano ɗaya, ban musa ba. Da kwanon nan na sayo allurar da ta raya ta, na raya sauran garken. Duk wanda dabbarsa ke ɗaure a gida yau, ya tashi ya ce na yi laifi."

Ba wanda ya tashi. Amma ba wanda ya dube ta.

Nomau ya yi gyaran murya. "Shi ya kawo ta rabin rai, ita ta ƙarasa kayar da ita. Ni na zo da wuƙa, gaskiya ne, sana'ata ke nan. Na rayar da ita ina sane rayuwarta na ɓata mini suna. Maraƙar da ake rigima a kanta kuwa, ku tambaye ta hannun wa ta fara taɓawa a duniya."

Mai gari ya juya ga Hansai ya ce, "Iya, bakinki ya ɗaure, hannunki zai kwance. Ba mai tashi daga nan sai kin miƙa."

Hansai ta miƙe da igiya a hannu, maraƙar na ja da baya tana neman uwarta. Ta dubi wanda ya shiga ruwa bayan ya ji lada. Ta dubi wadda ta ciyar da garke da yunwar saniyarta. Ta dubi wanda ya zo yanka ya koma jinya. Ba ko ɗaya a cikinsu da za ta bar wa ajiyar allura, kuma ba ko ɗaya da za a cire a labarin a sami maraƙa a ƙarshen igiyar nan.

To, ku da kuke zaune kuna girgiza kai, igiyar na hannunku. Jatau, Lantana, ko Nomau, wa za ku miƙa wa, kuma da wane ido za ku dubi biyun da kuka hana?